Gyaran Wilin Mota Na Alminiyam A Gida: Inda Riba Take Da Inda Haɗari Yake

YOLA: Tsadar kayayyakin gyaran mota da ta biyo bayan faɗuwar darajar Naira ta sa masu motoci a Jimeta da Yola suna sake duban abubuwan da a da sukan yar ba tare da wani dogon tunani ba. Daga cikin waɗannan abubuwa akwai wili na alminiyam, wato ƙarfen nan mai sheƙi da ake ɗaura wa taya, wanda akasarin ƙananan motocin da ake shigowa da su a wannan zamani suke zuwa da shi.

A mazaɓar Ajiya, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, kamar yadda yake a maƙwabtanta irin su Limawa da Alkalawa da Gwadabawa, duk mai motar da ya tsuguna yana wanke ta a ƙofar gida yakan ci karo da tambaya guda idan ya ga wilinsa ya dusashe, ya yi tabo, ko bakinsa ya karce: a sayi wani ne, a kai wa masu gyara, ko kuwa a gyara shi a gida?

Amsar wannan tambaya ta dogara ne a kan irin lahanin da wilin ya samu. Lahanin da ya tsaya a fata, kamar dusashewa da karce da ɓarewar fenti, mai mota zai iya gyara shi da hannunsa da kuɗi kaɗan. Amma lahanin da ya shiga jikin ƙarfen, kamar tsagewa da lanƙwasa, babu samfefa ko man gogi da zai warkar da shi, hasali ma gogewar kan ɓoye shi ne kawai. Sanin bambancin waɗannan lahani biyu shi ne ke raba tsimin kuɗi da sayen haɗari.

Yadda Wilin Ya Shigo Ƙasar Nan

Wilin alminiyam ba sabon abu ba ne a duniya. Tun a 1924 kamfanin Bugatti na Faransa ya sa shi a motarsa ta tsere, sa'an nan a 1966 kamfanin Porsche na Jamus ya fito da nasa a kan mota samfurin 911. Sai dai ya daɗe yana matsayin kayan ƙawa na masu hali kafin ya zama ruwan dare.

A Nijeriya kuwa, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, shekarar da Volkswagen ma ya fara nasa a Legas, mafi yawan motocin da ke kan titi wilin baƙin ƙarfe ne da su, a rufe da marfi. Irin wannan wili ba shi da wani kyan gani, amma yana da juriya. Idan ya faɗa rami ya lotsa, bakanike kan sa guduma ya miƙar da shi, mota ta ci gaba da tafiya.

Al'amura sun sauya bayan da aka ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, tare da kasuwar musayar kuɗaɗen waje ta SFEM a watan Satumba na wannan shekara. Naira, wadda a 1985 ta ɗan fi dalar Amurka daraja, ta shiga faɗuwa, har ta kai ga a tsakiyar shekarun 1990 ana sayar da dala a kan kimanin Naira 22 a farashin gwamnati, da fiye da Naira 80 a kasuwar da aka sakar wa mara. Sabuwar mota ta gagari ma'aikaci da ɗan kasuwa, sai jama'a suka koma ga motocin gwanjo daga Beljiyam da Jamus, daga baya kuma daga Amurka, waɗanda da yawansu ta tashar jiragen ruwan Kwatano suke biyowa. Tare da waɗannan motoci ne wilin alminiyam ya bazu a garuruwan Arewa.

Matakan da gwamnatoci suka ɗauka daga baya sun ƙara wa mota da kayanta tsada. A 2013 an fito da manufar bunƙasa masana'antun motoci wadda ta ɗaga harajin shigo da su, daga 1 ga Janairu 2017 aka haramta shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa na tudu, sa'an nan aka rufe iyakokin daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi, inda dala ta tashi daga kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Tun da yake da kuɗin waje ake sayo kusan kowane wili, duk girgizar da ta sami Naira sai ta bayyana a farashinsa.

Ƙarfen Da Ke Cin Wutar Lantarki

Alminiyam, wanda mutanen da suke kira goran ruwa ko sanholo, ana samo shi ne daga wani jan ma'adini da ake kira boksait. Ana buƙatar tan 4 zuwa 5 na wannan ma'adini domin a tace tan 2 na farin garin alumina, wanda daga gare shi ake fitar da tan 1 na ƙarfen. Hanyar da ake bi wajen fitar da shi, wadda Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano kowa a nasa ɓangaren a 1886, da wutar lantarki take aiki, kuma tana cinye kimanin yunit 14,000 a kan kowane tan, irin yunit ɗin da mitar gida take ƙirgawa. Wili mai faɗin inci 15 ko 16 yakan kai nauyin kilo 7 zuwa 10. Ke nan wili guda mai kilo 8 ya lashe wuta fiye da yunit 100 tun kafin a zuba shi a zubi.

Afirka ta Yamma ba ta rasa wannan ma'adini ba. Ƙasar Gini ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan boksait a ƙarƙashin ƙasa. Gana ta buɗe masana'antar narka alminiyam a Tema a 1967 da wutar madatsar ruwan Akosombo, Kamaru kuwa tana da tata a Edea tun 1957, kuma akwai ma'adinin jibge a Minim-Martap da Ngaoundal, cikin lardin Adamawa na ƙasar, maƙwabcin wannan jiha.

Nijeriya ta yi nata yunƙurin da kamfanin ALSCON da ke Ikot Abasi a Jihar Akwa Ibom, wanda aka kafa a 1989 da nufin samar da tan 193,000 a shekara. Ya fara aiki a 1997, ya tsaya a 1999. A 2007 kamfanin Rusal na Rasha ya karɓi kaso mafi tsoka na hannun jarinsa, aka farfaɗo da aiki na ɗan lokaci, aka sake dakatarwa a 2013, ga kuma doguwar shari'a a kan wanda ya cancanci mallakarsa. Sakamakon haka shi ne, wilin da ke gudu a kan titin Jimeta dukiya ce da aka sayo daga waje, kuma duk wanda aka tsawaita wa kwana ya rage wa ƙasa buƙatar dala gwargwadon ƙimarsa.

Abin Da Ke Ɓata Wili

Wilin mota ba zallar alminiyam ba ne. Akasari ana gauraya shi da silikon kimanin kashi 7 cikin ɗari da ɗan magniziyam, a zuba shi a zubi, sa'an nan a gasa shi a tanderu da zafi na musamman domin ya yi ƙarfi. Nauyin alminiyam kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, kuma ya fi shi saurin fitar da zafin birki. Amma ba ya jure lanƙwasa kamar baƙin ƙarfe. Inda wancan zai lotsa, shi yakan tsage.

Alminiyam ba ya yin jan tsatsa. Da zarar iska ta taɓa shi, sai wani siririn ɓawo ya lulluɓe shi, wanda ke kare abin da ke ƙarƙashinsa. Wannan ɓawo ne ke sa gogaggen ƙarfe ya dusashe bayan wani lokaci. Babban maƙiyinsa shi ne gishiri. A ƙasashen Turai da arewacin Amurka ana watsa gishiri a kan tituna lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara, saboda haka motocin gwanjo da dama sukan iso da wilin da gishiri ya riga ya shiga ƙarƙashin fentinsa, ya bar farin gari da ƙananan ramuka kamar zanzana.

A nan gida kuwa, matsalolin daban ne. Akwai ramukan da direbobi ke karo da su a manyan hanyoyi irin na Yola zuwa Numan da Gombe, ko Yola zuwa Song da Gombi da Mubi, musamman bayan damina. Akwai gefen kwalbati da bakin lambatu da ke karce leɓen wili wajen ajiye mota. Akwai ƙarfen da mai faci ke zura wa taya domin ya ɓamɓare ta, wanda ba ya yi wa baƙin ƙarfe komai amma yakan yanki alminiyam. Sai kuma baƙar ƙurar birki, wadda ɓarɓashin ƙarfe ne mai zafi da ke manne wa fenti, da laka da ke bushewa a bayan wili, da kuma zafin rana na watannin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a kwarin Binuwai.

Bincike Kafin A Taɓa Samfefa

Matakin farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne a tabbatar wilin lafiyayye ne. A ɗaga motar da jak a wuri mai daidai, a tokare ta da abin tokara na ƙarfe, kada a dogara da jak shi kaɗai ko a jera bulo. Kafin a kwance wilin, a kafa wani tsinke ko fensir kusa da leɓensa, a juya shi a hankali. Idan leɓen yana matsowa yana nesanta fiye da kimanin milimita 1, to wilin ya lanƙwashe. Sitiyarin da ke rawa idan mota ta ɗauki gudu, ko taya marar tub da ke sacewa kullum ba tare da an ga ƙusa ba, su ma alamu ne da ya kamata a bi diddiginsu.

Bayan an kwance shi an wanke, sai a duba ciki da waje a cikin haske. Wuraren da tsaga ta fi ɓoyewa su ne leɓen ciki, wanda ba a gani idan wilin yana jikin mota, da gindin hannuwan da suka haɗa tsakiya da baki, da kewayen ramukan noti.

Akwai wata tsohuwar dabara da ma'aikatan jiragen ƙasa suka yi amfani da ita fiye da shekaru 100 da suka wuce, wadda ba ta buƙatar komai sai kananzir da alli. A shafa kananzir a wurin da ake zargi, a bar shi na ɗan lokaci ya ratsa, a goge saman tas da tsumma, sa'an nan a barbaɗa garin alli. Idan akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige cikinta zai tsattsafo ya zana baƙin layi a kan allin. Dabarar ba ta kai na'urar masana'anta ba, kuma ta fi aiki a inda fenti bai rufe ba, amma takan tona asirin tsagar da ido bai kama ba. Duk wilin da ya nuna irin wannan layi ya fita daga sahun waɗanda ake gyarawa a gida.

Bincike na biyu shi ne sanin irin rufin da ke kan wilin. A ɗiga ɗan man goge ƙarfe a kan farin tsumma, a murza a wani lungu. Idan tsumman ya yi baƙi, ƙarfen tsirara yake. Idan bai yi ba, akwai fenti ko rufi marar launi a kansa, kuma haka mafi yawan wilin da kamfanoni ke fitarwa suke. Wanda aka yi wa rufin kurom, mai ƙyalli kamar madubi, idan ya fara ɓarewa ba a gyara shi da samfefa.

Yadda Ake Aikin

Kayan aikin ba su da yawa: bokitin ruwa, garin sabulu ko sabulun wanke kwanoni, burushi mai laushi, kananzir, samfefa irin wadda ake jiƙawa daga mai lamba 240 zuwa 2000, man goge ƙarfe irin su Autosol, tsummokaran auduga masu tsabta, tef, safar hannu, da abin rufe hanci da ido. Mafi yawansu ana samunsu a wurin masu sayar da fentin mota da kayan gini.

Da farko a wanke wilin da sabulu ciki da waje, a cire kwalta da maiƙo da kananzir, a sake ɗaurayewa. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Sodar da ake haɗa sabulu da ita tana cin alminiyam, ta bar shi da baƙin tabo, tana kuma fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Ruwan batir ma haka yake ɓata fenti da ƙarfe da hannun mai aiki. Soson ƙarfe na wanke tukunya kuwa yakan bar ɓarɓashinsa a jikin wilin, daga baya ya yi tsatsa.

Idan za a goge ƙarfen har ya yi sheƙi, dole a cire tsohon rufin gaba ɗaya, ko dai da samfefa ko da maganin cire fenti. Wasu daga cikin irin waɗannan magunguna suna ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, wanda tururinsa ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa jama'a shi a 2019. Saboda haka a yi aikin a fili, a inuwa, nesa da yara da wuta. Ya fi kyau a cire tayar. Idan ba a cire ba, a sace iskarta a rufe gefenta da bawul da tef.

Sai gogewa. Lambar samfefa tana nuna laushinta: ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi. A fara da 240 ko 320 a wuraren da suka karce kawai, sa'an nan a bi duk fuskar da 400, 600, 800, 1000, 1500, a ƙare da 2000. A riƙa jiƙa samfefar da ruwa mai ɗan sabulu, domin hakan na hana ta toshewa, yana kuma hana ƙurar ƙarfen shiga huhu. Duk lokacin da aka sauya lamba, a sauya fuskar da hannu ke bi, wato idan an yi a tsaye, na gaba a yi a kwance. Ta haka za a gane ko sawun lambar baya ya ɓace. Wanda ya tsallake lamba domin sauri zai ga sawun ya bayyana a ƙarshe, dole ya koma baya.

Ya kamata a tuna cewa kowace gogewa tana rage ƙarfe. Karcen da ya yi zurfi a leɓe ba a binsa har ƙasa, sai dai a lallashe bakinsa. Rage kaurin leɓe domin kyan gani shi ne a je neman gira a rasa ido.

Bayan samfefa ta ƙarshe, a shanya wilin, a shafa man gogi kaɗan kaɗan, a murza har ya yi baƙi, a share da tsumma mai tsabta, a maimaita har sheƙi ya fito. Mai injin huda na hannu zai iya ɗaura masa ƙullin auduga domin rage wahala, muddin bai bar shi wuri guda har ƙarfen ya yi zafi ba. Aikin hannu a kan wili guda yakan ci sa'o'i da dama, don haka wili huɗu aikin kwana biyu ne ko fiye.

Ƙarfen da aka goge aka bari tsirara zai dusashe cikin 'yan makonni, sai an riƙa shafa masa kakin mota ana maimaita gogi. Wanda ba shi da wannan lokaci gara ya zaɓi fenti. A wannan hanya ba a buƙatar wuce lamba 600: a cike ƙananan ramuka da foti, a fesa fentin share fage wanda aka yi domin alminiyam, a bi da fenti mai ruwan azurfa shafi biyu ko uku marasa kauri, a rufe da rufi marar launi. A Yola lokacin feshi ya fi dacewa da safe, kafin ƙarfe ya ɗauki zafi. Ranar da hazon hunturu ya sauka ƙura kan manne wa ɗanyen fenti, ranar da hadari ya haɗu kuma laima kan sa shi ya yi fari.

Wurare biyu ba a shafa musu fenti: bayan wilin inda yake manne wa jikin mota, da mazaunin noti. Fentin da aka bari a can yakan murƙushe a hankali, noti ya saki. Bayan an mayar da taya, a kai wilin a daidaita nauyinsa a na'ura, tun da yake galibi an cire ƙananan dalmar da ke manne da shi. A ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya a tsallake, ba a jere ba, gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa, ba tare da an hau kan sifana da ƙafa ba, a kuma sake duba su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Abin Da Ba A Yi A Gida

Ƙarfin wilin alminiyam ya samo asali ne daga gashin da aka yi masa a masana'anta. Idan aka kunna masa wutar walda domin a tausasa shi a miƙar, zafin kan warware wannan gashi, wurin ya yi laushi ko da ido bai ga wani canji ba. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke kamar baƙin ƙarfe, don haka mai riƙe da wutar ba shi da alamar da za ta gaya masa ya wuce gona da iri. Idan kuma aka doke shi da guduma a sanyi, ƙananan tsagogi kan buɗe a ciki.

Walda ma haka take. Ɓawon da ke kan alminiyam ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, wato ninki uku na abin da ƙarfen kansa ke buƙata, shi ya sa ake yi masa walda ta musamman da iskar argon. Ƙwararren mai irin wannan na'ura zai iya ɗinke ƙaramar tsaga a leɓen ciki. Amma tsagar da ta kama hannun wili ko ramin noti, wurin da nauyin mota yake, ba ta da magani sai canji. Wilin da ya fashe a kan gudun kilomita 100 a hanyar Numan ba ya ba direba damar yin shawara.

Sheƙi Da Amana A Kasuwar Gwanjo

Wannan batu yana da wata fuska da ta shafi kasuwa. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof na Amurka, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin abin da ke faruwa a kasuwar tsofaffin motoci idan mai sayarwa ya san aibin kayansa, mai saye bai sani ba. Tun da mai saye ba ya iya rarrabe mai kyau da marar kyau, sai ya ƙi biyan farashin mai kyau. Masu kaya nagari sai su janye, kasuwa ta cika da na banza.

Gogi da fenti suna iya jefa kasuwar wili cikin wannan hali. Wilin da aka yi wa walda, aka shafe da foti, aka fesa masa sabon fenti, yakan fi lafiyayyen da ya dusashe ɗaukar ido. Saboda haka mai saye ya juya wilin ya dubi cikinsa, inda tudun walda da sawun guduma ba su cika ɓoyuwa ba. Ya dubi rubutun da aka zuba a bayansa, wanda ke nuna faɗi da girma, da tambari irin na JWL da ake gani a kan waɗanda suka cika ƙa'idar Japan. Ya tabbatar ramukan noti sun dace da motarsa, domin tsarin ramuka biyar na Toyota Camry ko Honda Accord ba ɗaya ba ne da ramuka huɗu na Peugeot 406, kuma faɗaɗa rami domin a tilasta wili ya shiga ganganci ne. Mai sayarwar da ya yarda a ɗora wilin a na'urar daidaita nauyi kafin a biya, ya fi wanda ya rage farashi. Araha dai ba ta ado.

Lissafin Ƙarshe

Kowane wili yana da farashi iri uku: abin da za a kashe a sayi madadinsa, abin da za a kashe a gyara shi, da abin da 'yan gwangwan za su biya a kan nauyinsa. Farashin alminiyam a kasuwar ƙarafa ta Landan ya haura dala 3,800 kan kowane tan a watan Maris 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, kafin ya sauko. Idan aka ɗauki dala 2,500 a matsayin misali, ƙarfen da ke cikin wili mai kilo 8 bai wuce na dala 20 ba, kuma mai awo ba zai biya ko wannan ɗin cikakke ba. Ragowar darajar wili tana cikin siffarsa da lafiyarsa ne. Wanda ya sayar da lafiyayyen wili a kan sikeli don kawai ya dusashe, ya yi asarar mafi yawan kuɗinsa, alhali samfefa da man gogi ɗaya za su wadaci wili huɗu.

Shi kuwa tsagaggen wili, sikelin ne ya dace da shi, kuma ba a banza ya tafi ba. Sake narka tsohon alminiyam yana cin kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen fitar da sabo, kuma maƙeran da ke zuba tukwanen da ake kira na dalma a garuruwan Arewa da irin wannan tsohon ƙarfe suke aiki.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Mai motar da ya keɓe kwana biyu ya wanke, ya bincika, ya goge wilinsa, ya tsare kuɗin da zai tafi ƙasashen waje, ya kuma ƙara wa motarsa daraja ranar da zai sayar. Sharaɗin kawai shi ne bincike ya riga gogi, kuma idan alli ya nuna baƙin layi, a ajiye samfefa a nemi wani wilin.